Tambaya da Amsa: Wane kundin adireshi na intanet ne ya cancanci kuɗinka?

Wasiƙun da suka taru mana a wannan fitowar yawancinsu daga jihar Kebbi suke, kuma kusan duk abu ɗaya suke zagayawa: kundin adireshi na intanet, wato shafukan nan da ke jera sunayen shaguna da kamfanoni rukuni-rukuni, tare da lambar waya da inda suke. Mun taƙaita tambayoyin saboda fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da injin casar shinkafa a Argungu, ɗan ƙanena ya buɗe mini shafin intanet bara. Wani ya turo mini saƙo ta WhatsApp cewa in na ba shi naira 25,000 zai saka shafin a kundi 500 cikin kwana uku, Google ya ɗaga ni sama. In biya?
Mai injin casa, Argungu

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Riƙe kuɗinka.

Abin da mutumin nan yake talla ya taɓa yin aiki a da, shi ya sa har yau yake samun masu saye. Kafin injinan bincike su yi ƙarfi, da kundi ake gano shafuka. Yahoo kansa a matsayin kundi ya faro a 1994, daga baya har dala 299 yake karɓa a shekara kafin ya duba shafin kasuwanci. A 1998 aka buɗe wani kundin mai suna DMOZ, inda 'yan sa-kai ke bin kowane shafi da ido kafin su karɓe shi. Da Google ya zo yana lissafa kowane linki (mahaɗin da ake latsawa daga wani shafi) da ya nuno shafinka tamkar ƙuri'ar da ke ɗaga shi a bincike, sai masu wayo suka dinga ƙirƙirar kundaye barkatai, ba don wani ya karanta ba, sai don a tara ƙuri'un. A watan Afrilu na 2012 Google ya fito da gyaran da ake kira Penguin domin maganin wannan maguɗin. Yahoo ya rufe kundinsa a ƙarshen 2014, DMOZ ya bi shi a watan Maris na 2017. A ƙa'idojin Google na yanzu, linkin da aka samo daga kundi maras inganci yana cikin jerin abubuwan da yake ɗauka a matsayin shara.

Ka kuma yi lissafin kanka. Kundi 500 a kwana uku ba aikin hannu ba ne. Manhaja ce ke cike fom ɗin ta tura, da bayani iri ɗaya kalma da kalma, kuma kundin da ke karɓar irin wannan turin babu mai tsaron ƙofarsa. Shinkafarka za ta zauna a layi ɗaya da tallan caca da na maganin ƙarfin maza. Dillaliyar da ke neman buhu hamsin daga Sakkwato ba za ta taɓa leƙa can ba.

Abin da ya fi faruwa shi ne Google ya yi biris da linkunan gaba ɗaya, kuɗinka ya bi ruwa. Wani lokaci, in abin ya yi yawa, sukan hukunta shafin ya ƙara nitsewa. Wanda kuwa babu makawa shi ne lambar wayarka da imel ɗinka sun bazu, saƙonnin 'yan damfara su yi ta shigowa. In kana son ka gwada shi, ka ce ya turo maka sunayen kundi goma daga cikin 500 ɗin kafin ka biya, sannan ka auna su da ma'aunin da ke cikin amsa ta gaba.

TAMBAYA: Malam, ina sayar da turaren wuta da humra a Birnin Kebbi, ina aikawa har Kano da Abuja. To duk kundayen ne ba su da amfani? In akwai na kirki, yaya zan gane shi?
Hajiya mai turare, Birnin Kebbi

AMSA: Akwai na kirki, Hajiya, sai dai ba su da yawa, kuma gwajin bai fi na rabin awa ba a wayarki.

Fara da zama kwastoma. Ki rubuta a Google abin da mai neman kayanki zai rubuta, kamar "turaren wuta Birnin Kebbi", ki sake gwadawa da Turanci, tunda yawancin kundayen da Turanci suke. Duk kundin da ya fito a shafin farko ko na biyu, shi ne mutane ke iya faɗawa cikinsa. Wanda bai fito ba ko da kin canja kalmomi sau biyar, in kin shiga cikinsa kin shiga ɗaki ne mai duhu.

Daga nan ki rubuta site: ki manna masa adireshin kundin ba tare da tazara ba, ki ƙara kalmar Kebbi. Wannan zai nuna miki shafukan kundin da Google ya sani game da jiharmu. In bai nuna komai ba, ko dai babu 'yan Kebbi a ciki, ko Google bai damu da karanta shi ba. Duka biyun ba labari mai daɗi ba ne.

Gwajin da muka fi yarda da shi kuwa ba na kwamfuta ba ne. Ki buɗe rukunin da za a saka ki, ki zaɓi lambobi biyar, ki kira su. Lamba nawa ce ta shiga? Shago nawa ne har yanzu yake buɗe? Wanda ya ɗauka, ki gaishe shi ki tambaye shi ko wani ya taɓa kiransa ta dalilin kundin. 'Yan kasuwa ba sa ɓoye irin wannan, musamman in sun yi asara. In uku cikin biyar a kashe suke, kin san ba wanda ke share gidan.

Ki kuma lura da yadda suke karɓar mutum. Kundin da ya nemi tabbatar da lambarki, ko ya ce ki jira a duba, ko ya ƙi wasu masu nema, ya fi wanda ke karɓa nan take. Wanda ya ce sai kin saka linkinsa a naki shafin kafin ya saka ki, musayar ƙuri'a yake nema, ba kwastoma zai kawo miki ba. In suna iƙirarin sun shekara goma suna aiki, ki saka adireshinsu a Wayback Machine na archive.org, za ki ga hoton yadda shafin yake a shekarun baya, ko kuma ki ga bara ma bai wanzu ba.

Abu ɗaya da masu talla ke ruɗar mutane da shi: za su ce miki kundinsu yana da "DA 60". Wannan maki ne na kamfanin Moz, daga 1 zuwa 100, hasashensu ne kawai na ƙarfin shafi a bincike. Google ba ya aiki da shi, kuma ana iya kumbura shi da linkunan banza. Kallon kitse ne ake yi wa rogo.

Ga mai irin sana'arki, wurare huɗu ko biyar sun isa: bayanan kasuwanci na Google, shafin Facebook ko Instagram mai cikakken adireshi, dandalin saye da sayarwa irin su Jiji inda masu saye suke da gaske, da kundin ƙungiyar 'yan kasuwa in kina cikin wata.

TAMBAYA: Ni dillalin albasa ne a Aliero. Ba ni da shafin intanet, rumfata ma ba ta da lambar titi. Wannan harka ta shafe ni?
Dillali, Aliero

AMSA: Ta fi shafarka ma, Malam, domin kundin da ya fi kowanne amfani ba ya neman shafin intanet, kuma kyauta ne. Sunansa Google Business Profile, wanda har zuwa ƙarshen 2021 ake kira Google My Business. Shi ne ke sa rumfarka ta fito a taswirar Google da maɓallin kira a gefenta.

Kana buƙatar asusun Gmail naka na kanka. Mun jaddada "naka", domin nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami: yaron shagon caji ya buɗe musu da nasa asusun, ranar da ya bar gari ko aka yi saɓani, shi ke riƙe da makullin. In wani zai taya ka, ka buɗe da naka, ka ƙara shi a matsayin mataimaki.

Suna: ka rubuta daidai abin da ke jikin allon rumfarka. Kada ka ƙara masa "albasa mai araha Kebbi Sakkwato Legas" don ka fito a bincike, wannan na cikin manyan dalilan da ke sa a dakatar da bayanan mutum. Za a ba ka rukuni babba ɗaya, da damar ƙara wasu har tara. Wurin bayani yana ɗaukar haruffa 750, ka yi amfani da shi ka faɗi irin albasar, girman buhu, ko kana loda mota, da watannin da kaya ke samuwa.

Rashin lambar titi ba matsala ba ce. Ka tsaya a bakin rumfar, ka buɗe taswirar Google, ka jira shuɗin ɗigon ya daina yawo, ka taɓa shi. Za ka ga 'yar gajeriyar lamba mai alamar tarawa a tsakiya, ita ce Plus Code. Ita za ka riƙa turo wa direba, kuma a nan za ka dasa alamar rumfarka. Kada ka dasa ta kana zaune a gida, in ba haka ba tirela za ta tsaya a ƙofar gidanka.

Sai tabbatarwa. Yanzu sau da yawa bidiyo suke nema, wanda ake ɗauka kai tsaye a cikin manhajar Google, a tafi ɗaya ba yankewa. Ka fara daga waje a ga hanya da maƙwabtan rumfuna, ka nuno allon sunanka, ka shiga a ga buhuna da sikeli, sannan ka nuna abin da ke tabbatar da kai ne mai wurin, kamar buɗe kwaɗon sito da makullinka. Abin da ya fi kayar da mutane biyu ne: babu allo kwata-kwata, ko sunan allon ya saɓa da wanda aka rubuta. Saboda haka ka fara zuwa wurin mai fenti kafin ka taɓa waya. Ka kuma zaɓi lokacin da sabis yake da ƙarfi, don in bidiyon ya katse wajen turawa sai ka sake daga farko. Dubawar takan ɗauki har kwana biyar na aiki.

Duk wanda ya kira ka ya ce daga Google yake, ka biya kuɗin sabuntawa ko ka karanto masa lambar da aka turo maka, kashe wayarka.

TAMBAYA: Na duba wani kundi da aka saka shafin shagon yayana, na ga an rubuta nofollow a jikin linkin. An cuce mu ke nan?
Ɗalibi, Kalgo

AMSA: A'a, ƙanenmu. Tun 2005 ake amfani da wannan alamar, ma'anarta mai shafin bai ba da linkin a matsayin ƙuri'a ba. A 2019 Google ya ƙaro wasu biyu, sponsored na linkin da aka biya, da ugc na wanda jama'a suka saka da kansu. Mutum yana latsawa ya iso shagon yayanka lafiya lau. Hasali ma, kundin da ke karɓar kuɗi ya kuma yi alƙawarin linki maras wannan alamar, shi ne ke taka dokar Google.

TAMBAYA: Muna da masaukin baƙi a Yauri. Wani kundi na neman kuɗin shekara don ya sa mu a saman jerin. Ta yaya za mu san ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu?
Manajan masauki, Yauri

AMSA: Ranka ya daɗe, kada ku fara da na kuɗi. Ku shiga na kyauta tukuna, ku ba shi wata uku, ku ƙirga.

Ƙirgar tana da hanya uku. In kuna da shafin intanet da Google Analytics, wato manhajar ƙirga masu ziyartar shafi, ku ƙara ?utm_source= da sunan kundin a ƙarshen linkin da za ku ba su, duk wanda ya biyo ta nan zai fito da sunan. In WhatsApp kuke aiki da shi, ku yi linki da wa.me/ sai 234 sai lambarku ba tare da sifirin farko ba, ku ƙara ?text= da wata kalma ta musamman ga wannan kundin. Saƙon zai iso da kalmar a rubuce. Ta ukun ita ce littafin rajistar baƙi: ku ƙara layi ɗaya, mai karɓar baƙi ya riƙa tambaya "a ina ka samu labarinmu?" Wannan ta fi kama gaskiya a wurinmu, tunda yawancin mutane kira suke yi, ba latsawa ba.

Sannan lissafi. A ce suna neman naira 30,000 a shekara, ribarku a kwanan baƙo ɗaya kuma naira 3,000. Kuna buƙatar kwanan baƙo sau goma daga wurinsu kafin ku mayar da uwar kuɗi. In na kyauta bai kawo ko kira ɗaya ba a wata uku, hawa saman jerin da ba mai dubawa ba zai canja komai ba.

Wani abin da ke ɓata ƙirga: garinku ana rubuta shi Yauri, Yawuri, wani wurin Yelwa. Ku zaɓi rubutu ɗaya na suna da adireshi da lamba, ku ajiye shi a waya, shi za ku riƙa kwafa ko'ina. Ku kuma rubuta jerin wuraren da kuka shiga a takarda, don ranar da kuka canja layi ku bi su ɗaya bayan ɗaya ku gyara.

TAMBAYA: Ni na riga na biya irin waɗannan masu 500 ɗin wata shida da suka wuce. Me zan yi yanzu?
Mai shagon waya, Zuru

AMSA: Ka haɗa shafinka da Google Search Console, wato wurin da Google ke nuna wa mai shafi halin da shafinsa ke ciki, kyauta ne, ka buɗe sashen hukuncin da ma'aikatansu ke yi da hannu. In an rubuta babu matsala, ka bar maganar, wataƙila tuni an yi watsi da linkunan. Akwai wani kayan aiki na barranta da linki, wato ka ce wa Google kada ya lissafa maka shi, da ya fitar a 2012, amma kada ka taɓa shi sai in ka ga an hukunta ka, domin a garin gyara za ka iya haɗawa da linkunan kirki ka zubar. In an hukunta ka ɗin, sai ka sauke jerin linkunan daga Search Console, ka ware na kundayen, ka tura su a fayil ɗin barranta, sannan ka nemi a sake duba shafin, ka faɗi abin da ya faru ba ƙumbiya-ƙumbiya. In kuma ka ba mutumin kalmar sirrin shafinka ko ta imel ɗinka a lokacin, ka canja ta yau.