Amsa ga mai son zaga cikin birnin Kano da ƙafa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce za ka zo Kano daga Jos ɗaurin auren abokinka, kana da yini guda da babu hidima, kana so ka ga tsohon birni, kuma kana tambaya ko abin zai yiwu da ƙafa ko sai ka ɗauki shatar A Daidaita Sahu, sannan ta ina ya kamata ka fara. Na ga 'yan'uwa sun riga sun ambata maka Dala da Kurmi da Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata. Duk daidai ne. Abin da zan ƙara shi ne yadda za ka haɗa su a tafiya ɗaya, domin a cikin birni na tashi, kuma na sha raka baƙi wannan hanyar.

Da ƙafa za ka yi, kada ma ka yi shakka. Daga Dala zuwa Ƙofar Mata, har da ratse-ratsen da za ka yi, ba za ta wuce kilomita shida ko bakwai ba. Mai A Daidaita Sahu titi zai bi da kai, ya sauke ka a bakin wuri, ka ɗauki hoto ka koma, alhali rabin abin da ya sa ake kiran wurin birni yana cikin lungunan da ke tsakanin wannan wuri da wancan, inda keke mai ƙafa uku ba ya iya kutsawa. Amma ka nemi ɗan gari ya raka ka. Cikin abokan ango ba za a rasa ɗan cikin badala, wato cikin ganuwar birni, ba. Lungunanmu suna da ruɗarwa, wani ka bi shi da ƙarfin gwiwa sai ya ƙare a ƙofar gidan mutane, kuma idan kana tare da wanda aka san ubansa, zauren da za a bar ka ka leƙa ya fi wanda za ka gani kai kaɗai.

Ka fara da Dala, da sassafe, kamar ƙarfe bakwai. An yi matakala, hawan ba wuya, sai dai mai ciwon gwiwa ya bi a hankali. Dalilin farawa da nan shi ne daga sama za ka ga shimfiɗar garin gaba ɗaya kafin ka shiga cikinsa: ga Goron Dutse can, ga hasumiyoyin babban Masallacin Juma'a da koriyar ƙubbarsa, ga rufin gidaje a cunkushe, wasu kwano wasu soro, ga kududdufai nan da can. Kududdufan nan ka lura da su, daga cikinsu aka haƙi ƙasar da aka gina unguwannin da ke kewaye da su. A gindin wannan dutse garin ya fara. Masu binciken kayan tarihi sun samu alamun narkar da tama a nan tun wajen ƙarni na 7, kuma tarihin Kano ya kawo labarin Barbushe da bautar Tsumburbura kafin zuwan Bagauda a shekarar 999. Kada ka sa ran ganin wani gini a saman, fili ne da iska. Ranar Takutaha ce kawai, mako guda bayan Mauludi, dutsen ke cika maƙil da yara da manya. Idan zuwanka ya faɗo tsakiyar hunturu, hazo zai rage maka gani sosai. Ƙarshen damina zuwa kaka ya fi daɗi, bazara kuwa sai mai haƙuri.

Da ka sauko, ka ce wa ɗan rakiyarka ya bi da kai ta Madabo. Masallacin Madabo yana cikin tsofaffin masallatan garin, ana danganta shi da Wangarawa, malaman da suka zo daga ƙasar Mali zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. An sabunta ginin, don haka ba katangar za ka je kallo ba. Ka saurari unguwar. Da safe za ka ji karatun allo yana tashi daga zauruka, ka wuce dattijo a kan buzu da littafi a buɗe, magidanta uku ko huɗu sun kewaye shi kowa yana jiran a zo kan nasa darasin kafin ya tafi kasuwa. Haka ake yi a nan tun kafin a haifi kakannin kakanninmu, ba kuma don baƙo ake yi ba.

A wannan tsakanin ne nake so ka rage sauri. Ka riƙa ɗaga kai. Gidajen ƙasa suna ta ƙarewa, bulo da siminti sun ci yawancinsu, amma har yanzu za ka ci karo da soro mai zanko a kusurwoyinsa, da indararo da ke zubar da ruwan rufi, da gaban gida da aka yi wa ado da dagi. Idan an yi maka izinin shiga wani tsohon zaure, ka cire takalmi, ka dubi sama. Za ka ga bakan gizo sun taso daga bango sun haɗu a tsakiya, an jera azara a tsakaninsu kamar saƙar tabarma. Azarar nan daga itacen giginya ake tsaga ta, gara ba ta cin ta da sauƙi, shi ya sa rufin ke daɗewa. Ka taɓa bangon ka ji kaurinsa. Tubali ne aka jera aka yaɓe, a waje a shafa makuba don kada ruwa ya ci. Ƙarfe biyun rana, lokacin da ɗakin kwano ya zama tanda, cikin irin wannan zaure da sanyinsa. Abin da ke kashe su rashin yaɓe ne. Gidan ƙasa yana son a duba shi duk shekara kafin ruwa ya sauka, magina sun yi ƙaranci, magada sun yi yawa, sai a raba gida kowa ya rushe nasa kason ya sa bulo. Ba na ganin laifin wanda ya yi haka, na san tsadar gyaran, amma duk lokacin da na wuce na tarar da wani soron da na sani ya tafi, raina yana ɓaci.

Ka kuma riƙa tambayar sunan kowace unguwa da kuka shiga. A kewayen Kurmi za ka ji Dandalin Turawa, inda Larabawan Tarabulus da Gadamas suka zauna, tun kafin Bature ya zo. Za ka ji Tudun Nufawa, da Zangon Barebari, da Agadasawa, da Ayagi ta Yarabawa, da Sharifai inda zuriyar Shehu Magili, malamin nan da ya zo daga arewacin Afirka, suke. Fatauci da malanta ne suka kawo kakanninsu, yau jikokinsu Kanawa ne na gidi, wasu har yanzu suna riƙe da abincin gidansu. Gurasa da alkaki da dubulan da muke tinƙaho da su, ta hannun mutanen arewacin Sahara suka shigo. Tunda maganar ta zo, ka karya kumallo a Jakara. Ka sayi gurasa mai zafi a yi maka bandashe: a yayyafa mata ruwa ta yi laushi, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa, a yanka albasa da tumatir a kai. Za ta riƙe ka har azahar.

Kurmi ba ta cika sai wajen ƙarfe goma. Sarki Muhammadu Rumfa ne ya kafa ta, shi da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma sunansa za ka yi ta ji a duk tafiyar nan. Nan ayarin raƙuma suke sauke gishiri da kanwa da kayan Larabawa, su ɗauki baƙin yadi da jar fata. Baturen nan ɗan Jamus, Barth, da ya zo a 1851, ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. An kuma sayar da bayi a kasuwar, wannan ma tarihinta ne, bai kamata a ɓoye wa baƙo ba. Yanzu manyan kuɗi sun koma Kantin Kwari da Singa da Dawanau, abin da ya rage wa Kurmi shi ne sana'ar hannu, kuma shi ne abin da ya kawo ka. Ka nemi layin masu kayan doki ka ga sirdi da linzami da likkafa da jalala. Ka je wajen dukawa ka tsaya ka ga yadda ake yanka fata ana ɗinka jaka da titimi da kube. Ga 'yan turare, ga masu ƙwarya da faifai, ga masu littattafan addini da allo da tawada. Hanyoyin ciki matsattsu ne, da kwata a tsakiyar wasu, ka sa takalmin da ba ka jin tausayinsa. Ka yi ciniki, ba abin kunya ba ne, amma idan ka tsayar da mutum ya bar aikinsa ya yi maka bayani, ka sayi ko ɗan ƙaramin abu.

Daga Kurmi ka yi kudu zuwa Masallacin Juma'a ka yi azahar. Asalinsa ma na zamanin Rumfa ne, ginin da ake gani yanzu kuwa an yi shi a farkon shekarun 1950, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Gidan Rumfa yana jingine da shi. Ka sani fada ce mai rai, akwai iyali a ciki, ba a shiga haka kawai. Ka zagaya ta Ƙofar Kudu ka ga filin da ake jahi ranar Hawan Daushe, ka gai da dogarai, kada ka ɗaga waya kana ɗaukarsu ba ka tambaya ba.

Gidan Makama yana nan kusa, tsallaken titi. A nan Rumfa ya zauna kafin a gama masa fada, yanzu gidan adana kayan tarihi ne, ana biyan kuɗin shiga kaɗan. Ka karɓi mai yi maka bayani. Akwai sulke da kwalkwali da lifidi, da tsofaffin hotuna, da ƙyamaren ƙofofin gari na da, masu ƙarfe a jiki. Ka tsaya a gabansu ka tuna cewa kowace ƙofa tana da Sarkin Ƙofa da ke rufe ta idan dare ya yi. Ta Ƙofar Kabuga sojojin Ingila suka shigo a farkon Fabrairun 1903, lokacin Sarki Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato. Ni dai ko babu komai a cikin gidan, rufin ɗakunansa kaɗai ya isa a biya kuɗi a gani.

Sai ka ƙarasa Ƙofar Mata idan la'asar ta kusa. Masu marinar suna cewa tun 1498 take. Ramuka ne masu zurfi a jere, da yawansu yanzu a bushe, kaɗan ne ke aiki. A cikin mai aiki an haɗa ruwa da baba da toka, an bar su makonni sun ruɓa, za ka ji warin tun daga nesa. Ka tsuguna kusa da marini ka kalli hannunsa. Zai tsoma farin yadi ya juya shi a ciki, ya ɗago. Abin mamakin shi ne ba shuɗi yake fitowa ba, kore-kore ne, sai iska ta buge shi ya riƙa rikiɗa a gaban idonka. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa, haka zai yi ta yi har launin ya kai inda mai kaya yake so. Zanen da kake gani a jikin yadin mata ne suke ɗaure shi da zare a cikin gida kafin a kawo, inda aka ɗaure rini ba ya shiga. Ko laka da ta kwanta a gindin ramin ba a zubar da ita, katsi ke nan, ana ƙona shi a yi laso da ake shafe ramin da shi. Daga nan ka bi ƙarar bugu zuwa rumfar mabuga, inda ake shimfiɗa yadi a kan gungume ana dukansa da manyan tabaren itace har ya yi sheƙi. Za a nemi ka ba da wani abu kafin ka ɗauki hoto. Ka bayar da daɗin rai, ka sayi ɗan yadi idan da hali, domin kasuwar ta ja baya ƙwarai tun da rinin kanti da yadin waje suka cika gari.

Ganuwa ce ban sa maka a hanya ba, saboda abin da ya rage nata ya yi nisa da nan. Sarki Gijimasu ne ya fara ta, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗawa. Idan da sauran ƙarfi, ka hau A Daidaita Sahu ka bi titin da ya tashi daga Ƙofar Na'isa ta Gadon Ƙaya da Dukawuya zuwa Kabuga, za ka ga guntayenta. An yanka filaye a jikinta, an ɗebi ƙasarta, yawancin ƙofofin kuma an rushe an sake su da siminti don faɗaɗa titi. Ka je da sanin haka don kada abin ya ba ka mamaki.

Sauran 'yan abubuwa. Sallama ita ce takardar shigarka ko'ina. Duk majalisar da ka wuce ka yi ta, ka ɗan rusuna wa dattawa. Inda ka ga an rubuta “ba a shiga”, to ba a shiga, sai dai idan kana tare da mace ita ta shiga ta gaisa da matan gida. Kada ka ɗauki hoton mata ko almajirai ba izini. Wayarka ta zauna a aljihu sai za ka yi amfani da ita, ƙwacen waya gaskiya ne, kuma kada magariba ta same ka a saman Dala ko a lungun da ba ka sani ba. Ka riƙe canji ƙanana da ruwan sha da hula. Idan yinin naka ya faɗo Juma'a, ka juya tsarin: ka gama da Gidan Makama da Ƙofar Mata da safe, domin daga sha biyu hanyoyin da ke kewayen masallaci a toshe suke har a sauko. Ka faɗa mana ranar da za ka shigo da unguwar da za ka sauka, sai in gaya maka ta ƙofar da ta fi maka sauƙin shiga.