Ƙaramin Gidan Haya na Allunan Katako: Ina Kuɗin Yake Tafiya?

Wani ɗan kasuwa ya rubuto yana cewa yana da ragowar fili a bayan gidansa, kuma yana son ya kafa ƙaramin gida a wurin, mai ɗaki da falo da kicin da banɗaki, domin ya sa haya. An kwaɗaita masa yin ginin da manyan allunan katako da ake mannawa a masana'anta, wai sun fi sauri kuma sun fi kyautata wa muhalli. Yana son ya san ko uwar kuɗinsa za ta dawo.

Malam, ginin yana iya biyan kansa, amma ribarsa ko asararsa tana tabbata ne a kan takardar zane, tun kafin a yanka allo ko ɗaya. Allon da masu sana'ar ke kira CLT ya samo asali ne daga Ostiriya da Jamus a shekarun 1990. Ana jera katako hawa uku ko biyar ko bakwai, kowane hawa ya gitta na ƙasansa, a manne su a matse, har a sami allon da faɗinsa ya kusa mita 3, tsawonsa ya haura mita 10. Nauyinsa kusan kashi ɗaya ne cikin biyar na kankare mai girmansa, don haka harsashin ginin ba ya cin kuɗi sosai. Sai dai injin masana'anta ne yake huda ƙofofi da tagogi da hanyoyin waya daidai da zanen da aka ba shi. A ginin bulo kana iya sa magini ya matsar da taga rana tsaka. A nan kuwa canza ra'ayi bayan yanka yana nufin sayen sabon allo da sake jiran layi.

Abin da nake so ka fi lura da shi shi ne kuɗaɗen da ba sa raguwa don gini ya ƙanƙanta: ladan injiniya, da dako, da hayar motar ɗaga kaya. Dogon benen katako na Mjøstårnet da aka kammala a Norway a 2019, mai hawa 18, ya raba irin waɗannan kuɗaɗe a kan hawa masu yawa, naka kuwa mai murabba'in mita 40 ko 50 shi kaɗai zai ɗauka. Saboda haka kafin ka biya mai zane, ka kira mai motar ɗaga kaya ya zo ya ga wurin da idonsa: ko tirela za ta shiga layin, ko hannun motar zai tsallake babban gidan, ko wayoyin lantarki sun tare sama. Idan hanya ta ƙi, dole a rage girman allunan, mahaɗai su yawaita, ƙarfen haɗi da kuɗin aiki su ƙaru, saurin da aka yi maka alkawari kuma ya tafi.

Wajen zane, ka tambayi masana'anta ma'aunin allunan da ta saba fitarwa, a gina tsarin a kansa, domin da yawa suna cajin allon gaba ɗaya har da guntayen da aka cire a gurbin taga. Gida mai kusurwa huɗu, wanda kicin da banɗakinsa suka jingina da bango guda don bututun ruwa su taru wuri ɗaya, shi ne mafi arha. Ka kuma nemi farashi iri biyu: na allunan zalla, da na bangon katako na yau da kullum mai rufin allo. A gini mai hawa ɗaya, na biyun yakan fi sauƙi, kuma ba na ganin aibu a zaɓensa.

Ruwa ya fi wuta barazana ga wannan gini. Katako mai kauri yana ƙonewa a hankali, kimanin milimita 0.65 a minti, gawayin saman yana kare cikinsa. Danshi kuwa ɓarnarsa a ɓoye take. Allon yana fitowa a bushe, da laimar da ba ta wuce kusan kashi 12 cikin ɗari ba, kuma dole ya zauna haka: a ɗora shi kan dakalin kankare sama da ƙasa, rufi ya zarce bango, a lulluɓe shi lokacin kafawa, a yi wa banɗaki shimfiɗar hana yoyo, a yi maganin gara inda take.

Batun muhalli gaskiya ne, da sharaɗi. Harkar siminti tana fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na iskar kabon ta duniya, katako kuma yana riƙe wadda bishiya ta zuƙa muddin bai ruɓe ba. Amma ka nemi shaidar FSC ko PEFC, ƙungiyoyin da ke tantance kula da dazuzzuka, cewa ana sake raya dajin da aka sare, ka kuma duba nisan da kayan za su yi tafiya. Ɗan haya dai abin da zai biya shi ne ɗaki mai daɗin zama da ƙarancin kuɗin wuta.

Masana'anta takan karɓi kafin alƙalami mai tsoka kafin ta fara yanka, don haka kuɗinka zai fita da wuri kuma a dunƙule. Kada ka ba da shi sai izinin gini ya fito kuma kamfanin inshora ya amince a rubuce. Ka haɗa duk kuɗin ginin, ka ƙara kashi ɗaya cikin goma na ko-ta-kwana, ka raba da hayar shekara bayan cire gyara da haraji da inshora da wata ɗaya ko biyu da gidan zai iya zama babu kowa. Shekarun da suka fito ka gwada su da abin da wannan kuɗi yake juyawa a kasuwancinka, kuma kada ka taɓa jarin da kake saye da sayarwa da shi.