Ta ina zan fara neman digirin dakta a fannin cinikayya tsakanin ƙasashe?

Ƙanena na Aboabo, ka ce ka gama digirin farko na tattalin arziki a jami'ar KNUST ta Kumasi, kana so ka zama malamin jami'a a wannan fanni.

Lissafi ne ke kayar da yawancin yaranmu. Jami'o'in Amurka sakamakonka na kalkulas, aljabara da ƙididdiga suke fara dubawa. In ba ka da ƙarfi a nan, yi MPhil, wato digiri na biyu na bincike, a Jami'ar Ghana da ke Legon ko nan Kumasi, ka riƙe darussan da gaske. A GRE, jarrabawar neman shiga karatun gaba da digirin farko a Amurka, ƙololuwar makin lissafi 170 ne, ka matsa kusa da shi. A jami'o'in Amurka yawanci ana rufe karɓar takardu a Disamba ko farkon Janairu, don haka tun Satumba ka sanar da malamai uku da za su rubuta maka wasiƙar shaida. Malamin da ya ga bincikenka da idonsa ya fi farfesa mai suna da bai san ka ba.

Rubutun da za ka haɗa da takardunka kuwa, ɗauko alkaluman UN Comtrade, rumbun bayanan cinikayya na Majalisar Ɗinkin Duniya, ka auna cinikin Ghana da Burkina Faso da manhajar ƙididdiga ta Stata ko R. Sakatariyar AfCFTA, yarjejeniyar cinikayya ba shinge ta nahiyar Afirka, tana Accra, batun yana da masu nema. Duba AERC, cibiyar binciken tattalin arzikin Afirka da ke Nairobi, ma, tana tallafa wa masu digirin dakta a jami'o'in Afirka.