Kafin ku ɗauki ma'aikata, ku buɗe rajistar masu bayarwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a ofishin waƙafi na wata jami'a a nan Jidda. An ba mu gurbin mutum biyu, shugabanmu na son dukansu su zama masu fita neman gudummawa. Muna da rajistar masu bayarwa ta shekara takwas a Excel, ba mai buɗe ta. Za ta iya nuna mana wanda ya kamata mu ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Za ta nuna, amma sai kun gyara ta tukuna. Za ka tarar da mutum ɗaya ya fito sau uku: da Larabci, da "Mohammed", da "Muhammad". Haɗe su ta lambar waya. Masu rubuta "fa'ilu khair" (wato mai aikin alheri) a maimakon sunansu kuwa, ware su gefe, kada a bi sawunsu, sun zaɓi ɓoye sadakarsu.

Kwanan wata ma yana ruɗa mutane. Azumi na matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, to idan ka gwada Maris ɗin bana da na shekara uku baya, lissafin zai yaudare ka. Gwada Ramadan da Ramadan, musamman goman ƙarshe.

Daga nan sai ka duba abu uku a kan kowane suna: yaushe ya bayar na ƙarshe, sau nawa, nawa ne jimilla. Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda suka bayar bara, bana shiru. A ce mutum 1,000 suka bayar, 300 kacal suka dawo: wannan zuba ruwa ne a kwando. Sau da yawa ba fushi suka yi ba, babu dai wanda ya kira ya ce an gode, ko ya gaya musu ɗalibi nawa kuɗinsu ya ɗauki nauyi. Idan haka rajistarku ta nuna, gurbi ɗaya na mai kula da bayanai da saƙon godiya ne, ko shugaba bai so ba. Kai masa alƙaluman a takarda ɗaya.

Na biyun sai ya riƙe manyan masu bayarwa. Jera sunayen daga mafi yawa zuwa ƙasa, ka ga mutum nawa suka kawo rabin kuɗin. Yawanci 'yan kaɗan ne. A jami'o'in Amurka akan damƙa wa ma'aikaci ɗaya mutum 100 zuwa 150. A nan ina ganin ya fara da ƙasa da haka, domin attajirin da zai yi waƙafin gini ba ya yanke shawara ta saƙon WhatsApp. Sai an je majalisinsa, an sha gahawa, an koma, an sake komawa.

Ka kuma tuna dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya ta fara aiki a Satumban 2023. Kafin ku tura wa tsofaffin ɗalibai saƙon neman gudummawa, ku nemi yardarsu, ku kuma taƙaita masu iya buɗe rajistar.