Ga ƙanena mai tambaya kan aikin da ya fita masa a rai

Assalamu alaikum. Ƙanena, sai da na karanta tambayarka sau biyu. Ka ce shekararka 6 kana aiki, albashi na shigowa, ka yi aure, salla ba ta wuce ka, amma kowace safiya ji kake kamar da igiya ake jan ka zuwa ofis. Har ka fara tunanin ajiye aikin ka nemi wani abin da zai cika maka rai, kuma kana tsoron ko raunin imani ne ya kama ka.

Ni ba malami ba ne. Ma'aikacin ofis ne, shekarata 23 a sashen da ake lissafin haƙƙin waɗanda suka yi ritaya. Fayil, kalkuleta, hatimi, sa hannu, gobe ma haka. Shekaru 8 na farko a irin halin da kake ciki na yi su. Wata ya yi kwana 10 na fara ƙirga ranar albashi. Da aka zo ƙarin girma aka tsallake ni, aka ba yaron da ni na koya masa yadda ake buɗe fayil, sai na ƙara janye jiki. Salla kam ina yin ta a kan lokaci, amma a zuciyata na raba gari: darduma ta Allah ce, tebur na oga ne. Tunda oga bai kyauta min ba, teburin ma ba zai ga alherina ba.

Akwai wani dattijo da ya yi wata 7 yana zarya wurinmu. Takardunsa a cikin leda yake zuwa da su, ya ɗaure da roba, duk sun yi laushi saboda yawan buɗewa. Matsalar fayil ɗinsa ba ta taka kara ta karya ba: ranar da ya fara aiki ce ta saɓa a takardu biyu, sai an duba tsohon rajista an daidaita. Aikin minti 20. Fayil ɗin yana can ƙasan tulin da ke gabana, na kuma san da shi. Da ya zo ran nan, ko ɗago kai ban yi sosai ba na ce, "Baba, ka dawo mako mai zuwa." Ya ce, "To ɗana, Allah ya kai mu." Ya koma kan benci yana mayar da takardun cikin ledar ɗaya bayan ɗaya, hannunsa na rawa.

Aka kira azahar. Na shiga sahu, sai ga shi a gefena, kafaɗarmu na gugar juna. Bai gane ni ba, ko kuma ya gane bai nuna ba, Allah masani. Bayan an sallame ya ɗaga hannu, muryarsa ƙasa-ƙasa amma ina ji, yana roƙon Allah ya sa fayil ɗinsa ya faɗa hannun mai tausayi. Ni kuwa nawa hannun a sama, ina roƙon Allah ya buɗa min, ya raba ni da wannan aiki marar amfani. Na kasa ƙarasa addu'ar. Kafin la'asar na gama masa komai.

Ba zan yi maka ƙarya in ce daga ranar aikin ya koma zuma ba. Fayil fayil ne, ogan ma bai canza hali ba, ƙarin girman kuma sai bayan shekara 3 ya zo. Sai dai na daina ganin takarda, na fara ganin mutumin da ke bayanta: wanda ke jiran kuɗin magani, da matar da mijinta ya rasu haƙƙinsa bai fito ba. Na gane ashe a teburin nan ma ana rubuta min lada ko zunubi, ba a masallaci kaɗai ba. Hadisin niyya da Bukhari ya buɗe littafinsa da shi, tun ina yaro na haddace shi, amma kullum da alwala da azumi nake danganta shi. Ban taɓa kai shi ofis ba.

Ka duba aya ta 97 a Suratun Nahli. Allah ya yi alkawarin rayuwa mai daɗi ga duk wanda ya aikata aiki na ƙwarai, namiji ko mace, alhali yana mumini. Cikin malaman tafsiri wasu sun fassara wannan rayuwa da wadar zuci, wasu da arziki na halal. Babu wanda na ji ya fassara ta da aikin da ba a gajiya da shi. Haka aya ta 28 a Suratur Ra'adi, natsuwar zukata ta ambata. Natsuwa daban, nishaɗi daban. Nishaɗi yakan zo ranar albashi ya tafi kafin mako ya zagayo. Natsuwa ita ce ka kwanta da dare a gajiye liƙis, amma babu wanda ke kai ƙararka wurin Allah saboda abin da ke kan teburinka.

Kuma albashin nan da ka raina, ka tuna abin da Annabi (SAW) ya gaya wa Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas lokacin da ya je duba shi yana jinya: babu abin da zai ciyar don neman yardar Allah face an ba shi lada, har lomar da zai sa a bakin matarsa. Kuɗin hayar da kake biya, da na makarantar yara in Allah ya kawo su, duk suna cikin wannan lissafi in niyyar tana nan.

Batun ko raunin imani ne, kada ka yi saurin yanke wa kanka hukunci. Hanzala, sahabi ne sukutum, ya taɓa cewa ya zama munafuki, don in yana gaban Annabi (SAW) kamar yana ganin aljanna da wuta, in ya koma cikin iyali da harkar nema sai ya shagala. Abubakar ya ce shi ma hakan yake ji. Da suka kai maganar, amsar da aka ba su ita ce sa'a da sa'a, wato lokaci ga wannan, lokaci ga wancan. Muslim ne ya ruwaito. To in su sun ji haka, ina ga ni da kai.

Yanzu maganar ajiye aiki. Masu son su bar komai su tafi sukan kafa hujja da Imam Gazali. Gaskiya ne, a 1095 ya bar kujerar koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, kujerar da malaman zamaninsa ke hanƙoro, da ɗalibai kusan 300 a gabansa. Ya binciki niyyarsa ya ga neman suna da matsayi ne ke tura shi. Ya yi kusan wata 6 yana ja-in-ja da zuciyarsa, har harshensa ya ɗaure ya kasa ba da karatu, likitoci suka ce ciwon daga zuciya yake. Ya fita ya nufi Sham. Amma akwai abu biyu da ba a cika faɗa ba. Bai tafi ba sai da ya tanadar wa iyalinsa abin da zai riƙe su. Sannan a 1106 ya dawo koyarwa a Naisabur. Sana'ar da ya gudu daga gare ta ita ya komawa, da wata zuciyar daban. Shi sai da ya yi shekara 11 a hanya. Ni dai ban ga dalilin da zai sa ka yi wannan doguwar tafiya ba in za ka iya binciken niyyar kana kan kujerarka.

Duk da haka ba kowane ƙunci ne niyya ke warkarwa ba, kuma ina jin haushin masu rufe kowace magana da "ka yi haƙuri kawai". In aikin naka sai ka yi ƙarya ko ka ci haƙƙin wani yake tafiya, ko ana wulaƙanta ka kullum, to ƙuncin da kake ji lafiyar zuciya ce, ka fara neman wata ƙofa. Amma ka samu ƙofar tukuna. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba, kuma mutumin nan da ya tambayi Annabi (SAW) ko ya saki raƙuminsa ya yi tawakkali, ce masa aka yi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. In kuwa abin ya wuce ofis, barci ya ƙaurace maka, abinci ya fita ranka, abubuwan da ka saba jin daɗinsu duk sun zama ɗaya har makonni, ka je ka ga likita. Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, neman maganinsa bai taɓa tawakkali ba. Wani abokin aikina ya yi shekara 2 ana ce masa ya ƙara zikiri, ashe magani yake buƙata tare da zikirin.

Abu guda da na ɗora wa kaina tun daga waccan azahar: kafin in buɗe fayil na farko da safe, in karanta sunan da ke jikinsa a hankali, in yi bisimilla. Wata rana ina mantawa. Wata rana ina tunawa amma zuciyar ba ta motsa ba, in yi aikin haka nan. Dattijon nan ban sake ganinsa ba, kuɗinsa ta banki suka shiga.

Ba ka faɗi irin aikin da kake yi ba. Ka gaya min, ka kuma gaya min wane ne a ƙarshensa, wanda in ka yi sakaci yau shi zai kwana da abin. Daga nan sai mu ci gaba da maganar.