Hukuncin Zanen Ma'aikatan Masana'antar Ƙarfe

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Sana'ata zane da fenti. Nakan zana masana'antun narka ƙarfe, da biranen da hayaƙi ya lulluɓe, da ma'aikata suna tashi daga aiki a gajiye, kuma ina sayarwa. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, masana'antar kanta, da bututun hayaƙinta, da jan wutar tanderu, da gadoji da layin dogo, duk babu laifi a zana su a sayar. Buhari ya ruwaito cewa wani mai cin abinci da yin hotuna ya zo wa Ibn Abbas, sai ya tsoratar da shi da azabar masu suranta mai rai, sannan ya ce in ba makawa ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai.

Maganar tana kan mutanen. Hanafiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya sun haramta zana mai rai da hannu, ko a takarda ne ko a bango, saboda hadisin labule mai hotuna na Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, wanda Annabi ya ƙi. Malikiyya kuwa sun taƙaita haramcin ga abin da ke da inuwa kuma cikakken gaɓoɓi, wato mutum-mutumi. Zanen da yake shimfiɗe makaruhi ne a wurinsu, suna kafa hujja da togacewar da aka yi wa zanen jikin tufa a hadisin Abu Ɗalha. Saɓani ne na gaske, kada a fasiƙantar da kowa a kansa.

Abin da na fi natsuwa da shi: ka zana ma'aikatan daga nesa, ka bar fuskokinsu ba ido ba hanci ba baki. Wannan ba zai kashe maka zane ba. L. S. Lowry, mutumin Ingila da ya rasu a 1976, ya yi suna da zana dandazon ma'aikata kamar tsinkayen ashana a gaban masana'antu, kuma mai kallo yana jin nauyin rayuwarsu. Irin na Adolph Menzel na Jamus kuwa, wanda ya kammala zanen masana'antar murza ƙarfe a 1875 da fuskoki a bayyane, shi ne ainihin wurin saɓanin, barinsa ya fi tsira. Ka kiyaye al'aura ko da zafin wuta ya sa sun tuɓe riga, kada kuma a rataye zanen a alƙiblar mai salla.

Ba na son ka ji kamar addini ya raina waɗannan bayin Allah. Akwai sura guda mai sunan ƙarfe a Alƙur'ani, wato Suratul Hadid, a aya ta 25 Allah ya ce ya saukar da shi, a cikinsa akwai ƙarfi mai tsanani da amfani ga mutane, kuma Annabi Dawuda da aka tausasa wa ƙarfe daga aikin hannunsa yake ci. Kuɗin zanen da ya bi waɗannan sharuɗɗa halal ne.

Allah ne mafi sani.