Amsa: Ƙaramin yatsana ba ya kai gurbi na huɗu a jita

Malam, ka ce in ka danna gurbi na ɗaya (gurbi shi ne sararin da ke tsakanin ƙarafan da ke jere a wuyan jita) da manuniya, ƙaramin yatsa ba ya kai na huɗu sai ka murɗe hannu. To, bar farkon wuyan jitar tukuna, koma gurbi na 7. Yatsa ɗaya ga kowane gurbi: manuniya a 7, na tsakiya a 8, mai bi masa a 9, ƙaramin a 10. Kaɗa su bi da bi, kada ka ɗaga yatsan da ya riga ya sauka sai za ka sauya tsirkiya, har ka gama duka shida ka dawo. Sa metronom na waya (manhaja mai yin bugu a kai a kai don daidaita sauri) a bugu 60 a minti, sauti ɗaya kowane bugu, minti goma kullum. In ya fita tas kwana uku a jere, matsa baya gurbi ɗaya, wato manuniya ta koma na 6.

Dalili kuwa, gurabun ba faɗinsu ɗaya ba. A jita mai tsirkiyar santimita 65, gurbin farko ya kai santimita 3.6, na 7 kuwa kusan 2.6 ne. Ni wata biyu na yi ina zargin gajartar yatsuna, ashe babban yatsa ne na rataye a saman wuyan. Da na mai da shi bayan wuyan, daidai da yatsan tsakiya, sai hannun ya buɗe. Zafin kan yatsu zai wuce in sun yi kanta, amma in wuyan hannu ya fara suka, ajiye jitar sai gobe.